Gwangwanin Baba Haman na Silimar Mangwaro

Ku gafarce ni, iyayena. Yarinyar makaranta ba ta isa ta yi ta'aziyyar dattijo ba, kuma ko a zaman makoki ban iya ɗaga kai ba. Abin da na kasa faɗa da baki ne na rubuta.

Ranar Talata, 14 ga Maris 1978, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Baba Haman a gidansa da ke unguwar Briqueterie. Shekara ashirin da biyu yana juya injin Silimar Mangwaro, tun ana zama kan benci a fili har aka yi mata rufi da bene da jan labule. Bara aka rufe ta. Kujerunta suna kasuwar Mokolo ana sayarwa, zauren kuma an cika shi da buhunan siminti.

Baba, ban taɓa shiga silimar nan ba, don a gidanmu mace ba ta zuwa. A ƙofar gidanka na gan ta. In fim ya tsinke kana nunawa, sai ka yanke wurin da ya lalace ka liƙa sauran. Guntun kuwa ba ka yar da shi. Kana naɗe shi a takarda, ka rubuta sunan fim da ranar da ajami, ka sa a gwangwanin biskit. In na dawo daga lise, makarantarmu ta sakandare, sai ka ce, "Madamwazel, zo ki shiga silima kyauta, amma ban da fito." Ka ɗaga guntun a saitin rana, in ga doki ya tsaya cak a iska, kai kuma kana ba ni sauran labarin da hannu da ƙafa, har Inna Jaratu, maiɗakinka, ta leƙo ta ce, "Malam, ka girma fa."

A wata takardar ka rubuta ranar da ruwa ya yaye rufi, mutane suka ƙi tashi. A wata, ranar da ka tsayar da inji don la'asar na wucewa, 'yan kallo suka yi ta ihu, kana sallame sallarka ka ci gaba. Tarihin gidan nan ba ya ko'ina sai a gwangwanin.

Yaya Idris, na ji ka ce za a ƙone takardun bayan sadakar arba'in, don kada ayoyin Allah su faɗi a ƙasa a taka. Niyyarka mai kyau ce. Amma Yaya, ba ayoyi ba ne. Hausa ce, mahaifinka ya rubuta da baƙaƙen da ya sani. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya a gabansa, yana gyara mini. Ginin ya tafi, mai injin ya tafi. Ina roƙonka kada wannan ma ya bi su.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Inna Jaratu da Yaya Idris da dukan dangi haƙuri.

In kun yarje mini, zan kwafe takardun in sake rubuto muku abin da ke ciki. Gwangwanin zan mayar muku yadda na karɓa.

Madina Mohaman, Briqueterie