Takardar Gidan Inna

Shekarar da kogi ya cika ya shigo unguwarmu a Mai Wurno, ɗakuna uku na gidanmu suka kwanta a yini guda. Na laka ne, mahaifina ya gina su tun ban iya tafiya ba. Muka kwashe gadaje da tukwane muka koma rumfa, ni da maigidana da 'ya'yanmu huɗu da mahaifiyata, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Gidan nata ne, sunanta ne a takardar fili, mu muke zaune a wurinta saboda ni kaɗai Allah Ya bar mata.

Ni mace ce mai kafiya, ba na musu a kan wannan. Ina tsaye cikin taɓo har gwiwa na rantse ba zan sake gini da laka ba, sai jan bulo da siminti. Kuɗinsu kuwa ba mu da shi. Maigida direban hafla ne, motar haya mai jigila tsakanin garinmu da Sinnar, kuma motar ba tasa ba ce. Ni sana'ata dakwa, wato soyayyar gyaɗa da ake niƙawa ta yi laushi, wadda mutanen ƙasar nan ba sa jin daɗin cin abinci sai da ita. Da haka muka nufi wani banki a Sinnar. Suka ce za su sayo mana kayan gini su sayar mana da ribarsu a kai, mu riƙa biya wata-wata har shekara takwas, su kuma su riƙe takardar gidan a matsayin jingina.

Tunda sunan Inna ne a takarda, ita ta dangwala yatsa. Ma'aikacin bankin, wani mai fara'a da tabarau, ya miƙa mata tawada yana cewa da Larabci, “A nan, ya hajja.” Haka ake kiran kowace tsohuwa a ƙasar nan. Inna ta ɗago kai ta ce, “Ban tahi ba tukuna, ɗana. In na tahi ka kira ni.” Muka yi dariya, har da shi. Ni ban gane cewa ba wasa take yi ba sai da muka hau mota.

Mutanenmu da niyyar aikin Hajji suka baro ƙasar Sakkwato a ƙafa. Kakan Inna ya iso bakin kogin nan guzurinsa ya ƙare, ya tsaya ya yi noma don ya tara wani, sai aure, sai 'ya'ya, sai kabari. Ɗansa ma haka. Shi ya sa in ka tambayi tsofaffinmu ko sun zama 'yan gari, sai su ce maka a'a, suna kan hanya ne. Inna tana da tumaki da take kiwo tun rasuwar Baba, ba a yanka su, ba a sayar da su don cefane, kowa ya san guzurin Makka ne. Saura kaɗan su kai.

A cikin mota tana ta goge tawadar da gefen mayafinta, sai ta ce, “To, tahiya ta tsaya.”

Na ce, “Wace tafiya, Inna?”

Ta ce, “Ba a zuwa ɗakin Allah da bashi bisa wuya. Yatsana na a takardar mutanen ga. Sai ranar da sunka maido ta.”

Na duba gwiwoyinta da ba ta iya hawa mota sai an tallafe ta, na ƙara shekara takwas a kan shekarunta, lissafin bai yi mini daɗi ba. Na kai ta wurin malamin unguwarmu, ya yi mata bayani cewa bashin da ake biya a kan lokaci ba ya hana tafiya. Ta saurare shi da ladabi, ta yi godiya, ta sa aka kai masa ƙwai, ta dawo tana nan a kan bakanta. A wurinta na gaji kafiyar, saboda haka na san ɓata baki ne. Ni na ja ta zuwa banki, ni na tsayar mata da tafiya. Tun ranar na ƙudura cewa takardar nan ba za ta yi shekara takwas a hannun mutane ba.

Da aka gama gini na koma wurin mai tabarau na tambaye shi ko ana iya biya kafin lokaci. Ya ce ana iyawa, amma in sani ribar an riga an yanke ta tun farko, ko yau na biya ko shekara takwas, kuɗin ɗaya ne. Ya dube ni ta saman tabarau kamar wadda rana ta buga.

Maigida ma haka ya gani. Mutum ne mai sanyin hali da iya lissafi, duk yini yana karɓar kuɗin mota, ya fi kowa sanin yadda kuɗin ƙasar ke lalacewa. Ya zaunar da ni bayan la'asar ya ce, “Ke uwar yara, saurara. Gurush ɗin ga kullum faɗuwa sukai. Abin da munka biya watan ga, baɗi ba ya sayen buhun gawayi. Mi za ya sa mu yi gaggawa? Bari lokaci shi biya muna.”

Na ce, “Malam, lokacin da zai cinye bashin shi ne zai cinye gwiwar Inna.”

Ya ce, “Lissahi dai nike hwaɗa miki.”

Na ce na ji. Gaskiya ya faɗa, har yau ban ce ya yi kuskure ba. Muka raba aiki: shi zai riƙe kason wata-wata da abincin gida, duk abin da za a ɗora a kai kuma nawa ne.

Abu na farko da na yi, na daina ajiye kuɗin takarda. Inna ta koya mini wannan da tumakinta ba tare da ta ce komai ba. Da kaka, lokacin da gyaɗa ke arha, duk abin da ya shigo hannuna sai in maida shi buhu. Ɗaki ɗaya cikin sababbin ɗakunan da na yi ta fafutuka a kansu, gyaɗa ce ta fara kwana a ciki, yara mata suna cunkushe da Inna. Na shiga adashin matan unguwa, wanda muke kira sanduk, na roƙi a riƙa ba ni ɗauka a watan girbi, ni kuma na yarda in zama ta ƙarshe a adashin Sallah. In bazara ta yi gyaɗa ta yi tsada, ina da tawa a ɗaki. Rabi in niƙa dakwa, maigida ya kai wa masu shaguna a Sinnar a ƙarƙashin kujerarsa, rabi in sayar buhu-buhu. Ranar da na sayar, ranar nake hawa mota in kai banki, ko kwana ɗaya ba na bari su yi a gida, don na san hannuna kuma na san bakin yara.

Na matse gidan, ba zan ɓoye ba. Nama ya koma na Juma'a. Mayafi biyu na yi shekara uku ina juyawa, har wata maƙwabciya ta ce da ta hango shuɗin nan daga nesa ta san ni ce. Kuɗin makaranta ban taɓa shi ba, gudummawar biki da ta rasuwa ma haka, domin a garinmu wanda ya daina kai wa mutane ya fita daga cikin mutane. Amma akwai inda na wuce gona da iri.

Sukari ne. Gidan Inna gidan baƙi ne tun zamanin Baba. Duk wanda ya sauka daga ƙauyukan kudu zai je asibiti ko kasuwa, a zaurenmu yake shan shayi. Na ga yadda sukari ke tafiya, sai na kulle shi a akwati na rataya makulli a wuya. Wata safiya wasu dattawa biyu suka sauka, ina can wurin injin niƙa, Inna ta nemi sukari ta rasa. Da na dawo na tarar ta aika an karɓo a maƙwabta, tana zaune a bakin gado, ko kallona ba ta yi.

Ta ce, “Ke ɗiyar ga, takardar mi kike son karɓowa?”

Na ce ta gida.

Ta ce, “Gidan da baƙo ka sha shayi lami? Bar musu ita, su riƙe. Wanga ba gidana ba na.”

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na cire makullin na ajiye mata a cinya. Daga ranar sukari ya koma kan tire, ni ce dai na koyi shan nawa babu shi, kuma har yau haka nake sha.

Shekara ta huɗu ce ta so ta karya ni. Ƙwari suka shiga buhuna, na yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda rowar sayen sababbin buhuna da na yi. A watan kuma injin motar maigida ya buga, ya yi mako shida a gida. Na ciro abin da na tara don ƙari na biya kason wata da shi, na sayi dawa. Ina tankaɗe gyaɗar da ta rage a tsakar gida ina hawaye don haushin kaina, sai Inna ta jawo kujera ta ce a kira dillali ya ɗauki tumaki shida a rufe bashin a huta.

Na ajiye faifai na ce, “Inna, mu sayar da guzurin Makka mu biya bashi don ki tafi Makka? Da me za ki tafi, da takardar?”

Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ni ma na bi ta da hawayena. Maigida yana daga ɗaki yana jinmu. Washegari ya tafi gonakin rani na Suki ya yi aikin lada har aka gyara motar, mutumin da rabonsa da fartanya tun yana saurayi. Bai ce ya canza ra'ayi ba. Ya dai dawo tafin hannunsa duk ya yi kanta, ya zube mini kuɗin a kan tabarma ya ce, “Ƙara a naki.”

Shekara biyar da wata biyu muka gama. Na sa mayafin nan shuɗi da gangan, muka tallafi Inna muka hau mota. Mai tabarau ya ƙirga, ya buga hatimi, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da takardar a cikin ambulan. Inna ba ta karatun boko. Ta ce a nuna mata inda ta dangwala, ta ɗora yatsanta a kai ta duba ko nata ne, sannan ta naɗe takardar ta cusa a ƙirji. Mai tabarau ya taya ta murna ya ce, “Mabruk, ya hajja.” Ta ce, “Saura kaɗan, ɗana.”

A shekarar ta tafi, tare da ƙanenta. Aka sayar da tumakin duka sai tunkiya ɗaya da ta ce a bar wa yara. Sun bi mota zuwa Sawakin suka shiga jirgin ruwa. Da muka raka ta tasha, rabin unguwa ya fito, tsofaffi suna ta ba ta saƙon addu'a da sunayen iyayensu da suka mutu a kan hanya. Ta miƙo mini takardar ta tagar mota ta ce in riƙe mata. Bayan kwana arba'in ta dawo baƙa wuluk, ta rame, muryarta ta dushe, tana ba da labarin yadda ta yi ɗawafi da ƙafarta ba a tura ta a keke ba. Ta sa na kai ta banki takanas, ba don komai ba sai don mai tabarau ya kira ta hajja ta amsa.

Shekara guda bayan haka gwiwoyin suka ƙi gaba ɗaya, ko bayan gida sai mun ɗauke ta. Ta rasu da damina, a ɗakin jan bulo, ruwa na zuba a waje ko ɗigo bai shigo ba.

Watan da ya kamata a ce mun biya kason ƙarshe, maigida ne ya tuna, ni na manta. Muna shan shayin safe ya ce, “Kin san da mun jira, na watan ga bai kai kuɗin bokitin dakwa ɗaya ba?”

Na ce na sani.

Ya juya cokali a kofinsa ya daɗe, yana kallon ƙofar ɗakin Inna. Sannan ya ce, “Shekara ɗaya da wata bakwai ke nan da munka kai ta makwancinta.”