Ranar da Karyar Baffa Ta Tsare Min Gero

Ko zan manta komai na shekarun farin nan, ba zan manta ranar da wata karya ta ba ni kunya a bakin gonata ba.

A lokacin ina da mata da 'ya'ya uku a wani ƙauye kusa da Kunci. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. A ta uku, gonata ta bakin burtali ce kaɗai ta yi kyau. Ita ce abincinmu na shekara, shi ya sa na zama masifaffe a kanta.

Maƙwabcina wani dattijon Bafulatani ne, muna ce masa Baffa. Shanu tara suka rage masa, 'ya'yansa sun tafi kudu neman abinci, ga ciwon gwiwa. Burtalin da shanunsa ke bi kuwa, mu manoma mun cinye shi kaɗan-kaɗan da garma har ya zama kamar hanyar ƙafa. Ni na fi kowa ci, ni kuma na fi kowa ƙorafi. Na kai ƙara wurin mai unguwa, aka yanke cewa duk ranar da saniya ta sa baki a gona, Baffa zai kwashe shanunsa ya bar garin.

Tun rani Baffa ya samo wata 'yar kwikwiya. Bai taɓa barinta ta shiga gida ba. Cikin maruƙa ta girma, nan take kwana, nan yake zuba mata tsala da dusa a kasko. Da ta tasa, sai ya ɗaura mata doguwar igiya ya fara gwada ta da maruƙa biyu: fito ɗaya ta zagaya su, fito biyu ta kwanta. In ta kai wa maraƙi cizo ba ya dukanta, sai ya mayar da ita turke ya juya mata baya.

Na taɓa tsokanarsa, "Baffa, ɗalibar taka ta ci jarrabawa kuwa?"

Ya ce, "Da saura, Malam. Yarinya ce."

Wata la'asar, gero ya yi ido, ina cikin gona sai ga shanun sun dawo kiwo ba su ƙoshi ba. Uwar garken ta hango wata kafa a shingena, ta yi kanta, sauran suka biyo. Baffa ya yunƙura zai yi gudu, gwiwa ta ƙi, ya kife. Ko numfashin yin fito bai samu ba. Na ɗaga fartanya, kuma Allah ya sani ƙafar saniyar na yi niyyar karyawa.

Karyar ce ta riga ni. Ta sha gaban garken, ta tsaya a bakin kafar tana haushi. Saniyar ta sa ƙaho ta watsar da ita. Ta mirgina, ta tashi da jini a haƙarƙari, ta koma daidai inda take. Ba ta ciji kowa ba. Sai da uwar garken ta juya, shanun suka koma burtali, sannan ta kwanta tana haki. Ko zangarniya ɗaya ba a taɓa min ba.

Na je na ɗaga Baffa. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Sun taɓa maka?"

Na ce a'a, ya yi hamdala. Na tambaye shi yadda ta san abin yi ba tare da fito ba.

Ya ce, "Tun ranar da ka kai ƙara, kullum sai na zagaya da ita iyakar gonarka kafin mu fita. Na san a nan abincin yaranka yake."

Na dubi gwiwarsa. Da wannan gwiwar yake zagaya gonata, ni kuwa ina neman korarsa. Ni na jiƙa gishiri na kawo masa ya wanke mata raunin.

Tun ranar na daina saurin kai ƙarar mutum. Na gane cewa wanda kake ganin shi zai cuce ka, wataƙila ya fi ka damuwa da abin da 'ya'yanka za su ci.