Baba Kumfa, Mai Sa Zane Ya Yi Magana

Kafin kowa ya iso ɗakin aikinmu, Baba Kumfa ya riga ya buɗe taga, ya goge gilashinsa da bakin riga, ya jera alƙalumansa daga siriri zuwa mai kauri. Sai ya ɗauki shafin da ke sama ya kama surutu shi kaɗai, yanzu muryar kura, an jima ta tsohuwa. In baƙo ya shigo sai ya ɗauka dattijon ya taɓu. Alhali aiki yake yi, ba ya sa magana a bakin kowa sai ya ji yadda ta zauna a nasa bakin.

Mu taron masu zane ne da ke haɗa littafin gajerun labarai na yara, kowa ya kawo nasa a ɗinke wuri guda. Shi kuwa aikinsa ya zana 'yar da'irar nan da ke fitowa daga bakin mai magana, wadda muke kira kumfa, ya rubuta zancen a ciki da hannu. A nan ya samo sunan. Bana ya ce hannunsa ya fara rawa, zai ajiye alƙalami, ni kuma na ce ba zai sulale mana shiru ba.

Mu masu zane marowata ne, ba ma son ba da fili. Sau nawa ya ɗaga shafina ya ce, "Ɗana, ina zan sa maganar? A kan hancin jakin?" Ya gama tsiyarsa, ya nemo lungu ya sa.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na Anti Nas. Ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, karonta na farko ke nan da mu. Ta kawo labarin kyanwar da ta ɓuya a jakar makaranta, zane kamar ka taɓa. Sai dai ta cike kowane shafi taf da zane, ba ta bar ko wurin ajiye allura ba, ga zance mai tsawo a takarda daban. Mai ɗab'i yana jira, babu lokacin sakewa. Shugabarmu, ranta ba daɗi, ta ce sai dai a cire labarin.

Anti Nas ta ce, "Wallahi na riga na faɗa wa yaran da ke kwance cewa za su ga kyanwar a littafi."

Baba ya ce, "'Yata, zauna." Ya juya wajen shugaba, "Ranki ya daɗe, ara mini shafukan nan ina zuwa."

Na bi bayansa don tsegumi. Makarantar ƙananan yara da ke bayanmu ya nufa, ya roƙi malamar, ya shimfiɗa shafukan a ƙasa, ya kama bakinsa. Sai ga yara sun yi caa. "Ga wutsiyarta!" "Malam bai gani ba!" Suka ba da labarin tsaf har ƙarshe, ana ta ƙyaƙyatawa.

Ya dawo ya ce wa shugaba, "Labarin nan ba ya bukatata. A buga shi haka." Ta duba, ta yi dariya, ta amince.

Da littafin ya fito, Anti Nas ta kai shi asibiti. Wata yarinya da ko makaranta ba ta shiga ba ta karɓe shi, ta karanta wa uwarta labarin kyanwa daga fari har ƙarshe, yatsa a kan zane. Anti ta ce sai da ta fita waje ta share hawaye.

Baba, kai ne mai bakin kowa. Kai ne wanda ya san inda za a yi magana, ya san inda za a yi shiru. Zan yi kewarka, har da tsiyar. Mun gode, Allah Ya ba da lafiya. Ku kuma masu tasowa, in aikin ɗan'uwanku ya zo da matsala, ku nema masa hanya kafin ku nemi almakashi.

Anti Nas ta dage sai an sa sunansa kusa da nata a bugu na biyu, aka kuwa sa. Da ya gani ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah! Na tsufa ina rubutu ba wanda ya san ni, sai a labarin da ban rubuta ko harafi ɗaya ba."