Inna Bake Mai Wankin Ƙuna

Kafin gari ya gama wayewa Inna Bake ta tafasa ruwa, ta jera auduga, ta shiga ɗakin masu ƙuna a asibitin unguwarmu, nan Paraku. Ba likita ba ce, mai wankin ciwo ce. Rabin fuskarta wuta ta cinye tun tana budurwa, ran da jarkokin fetur na mahaifinta suka kama. Ba ta taɓa ɓoye ta da mayafi ba.

A garin da ake sayar da fetur a kwalba bakin titi, ɗakin nan ba ya rabo da ihu da ƙauri. Nan aka kwantar da ƙanena Sabi, ɗan acaba, bayan tankin babur ɗinsa ya fashe. Da ya fara warkewa sai ya ƙudundune cikin zane, ya juya wa kowa baya, ko sakwara ba ya ci sai an fita.

"Buɗe mu gani, ango," in ji Inna Bake.

"Inna, ki ƙyale ni. Kowa ni yake kallo."

"Kai wa? Kowa ta kansa yake yi. Ɗaga hannun nan. Ina ya tsaya?"

"Kafaɗa."

"Yauwa, wannan shi ne naka, ka san shi. Abin da ke cikin idon mutane kuwa nasu ne, ba ka da maganinsa."

Yau Sabi yana gyaran babura, fuska a buɗe. Ya san hannunsa ba zai ƙara riƙe kan babur ba, bai kuma yaudari kansa ba.

Ba kowa ta iya ceta ba. Akwai Bona, mai suyar wara, wato cukun nono, wadda ta ƙone aka sallame ta da sharaɗin ta riƙa zuwa wanki. Tsarguwa ta hana ta ratsa kasuwa. Inna Bake ta bi ta har gida, ta ƙi buɗe ƙofa. Da aka dawo da ita ciwon ya riga ya ruɓe. A wajen jana'iza na ji Inna tana cewa, "Wuta ta bar ta da rai, idon mutane ya ƙarasa ta."

Watan jiya Inna Bake ta ajiye aiki, ba wanda ya ce ta ajiye. Ta sami babban likita ta ce, "Hannuna ya fara rawa, jiya na fama wa wani ciwo. Kada a jira in yi ɓarna."

Inna Bake, ke ce kika nuna mana cewa sanin kai daban, tsarguwa daban: ɗaya yana kai mutum wajen magani, ɗaya yana kulle shi a ɗaki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Mu kuma da muka rage, in mai tabo ya ratso kasuwa, mu gaishe shi kamar kowa. Wataƙila wajen wanki za shi, kuma da kyar ya fito.