Gwangwanin Gita

Kafin ya taɓa kowace waya, sai ya goge yatsunsa a gefen rigarsa, ko da babu datti. Ina kallonsa daga bencin mai gyaran rediyo. Dattijo ne siriri, babban yatsansa duk tabon ƙunar dalma. A cinyarsa akwai gwangwanin kifi cike da wayoyi, da maɓallai biyu a murfin. Yana gaya wa mai gyara cewa abin zai sa gita ta yi gurnani, kuma ya haɗa shi ne domin ɗansa, mai kiɗa a wuraren biki. Shi kansa, ga alama, bai iya kiɗa ba.

Sai ga ɗan nasa, gita a kafaɗa, sabon akwatin sauti na kanti a hannu.

"Zo ka jona mu ji, waya ɗaya ta rage," in ji dattijon.

"Haba Baba, in shiga taro da gwangwanin kifi? Ai kuliyoyi za su biyo ni."

Mai gyara yana dariya. Dattijon ma yana murmushi, har bayan kowa ya daina. Can ya zare ƙarfen dalmarsa daga wuta. Jar wayar da ta rage tana lilo, bai manna ta ba.