Tsingaron Bayan Ɗakin Kaka

Tun da nake ban ga mai ajiyar tarkace irin kakata ba. Ɗakinta a ƙauyenmu, can gefen Roni, cike yake da sakaina da tsummoki da faya-fayan da suka zazzage. Amma abin da ya fi tsone wa mutanen gida ido shi ne tsibin fasassun tukwane da ke bayan ɗakin. Duk tukunyar da ta fashe a gidan, can take kai tsingaronta ta kife. Kaza ma ba ta isa ta yi tono a wurin ba.

Lokacin sanyi, da an ci tuwo sai mu jikoki mu dunguma ɗakinta. Takan hura kara a tsakar ɗaki, ta binne mana gyaɗa a toka, sannan ta gyara zama. "Ke Ladi, janye ƙafarki daga wutar nan," takan ce da ni, "in kika ƙone ba ni da kuɗin biyan mijinki." In za ta fara tatsuniya sai ta ce, "To, ga wata ta ƙwanƙwasa." Mu ce, "A buɗe mata." Ba ta da rowar dariya. Abu ɗaya ne ke ba mu mamaki game da ita: gatsau take kiran sunan Baba, alhali shi ne babba a 'ya'yanta. A wajenmu kuwa mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi, ko da ciwo yake.

Shekarar da aka naɗa Baba mai unguwa, ya ce tsohon zaurenmu ya yi kaɗan, ba ya son jakadan hakimi ya zo ya rasa wurin zama. Aka kira gayya. Ƙannensa suka zo, Kawu ya taho daga Babura da jakuna, mata suka ɗora manyan tukwane. Aka rushe, aka jera tubali, aka ɗora azara. An kwashe shirgin gidan kaf, daga tsohon turmi har ruɓaɓɓen dangan kara. Saura yaɓe kawai, sai ƙasa ta ƙare. Magini ya zaga gida, ya ce babu jar ƙasa mai danƙo kamar ta bayan ɗakin tsohuwa.

Ran nan muna zaune gaban wuta Baba ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, gobe za mu kwashe tarkacen nan na baya, mu ɗebi ƙasa. Ko akwai abin da kike so a ciki?"

Ta daɗe tana tona toka da tsinke. "Kududdufin bayan gari ya ƙafe ne, Sule?"

"Da nisa, Inna. Jakunan sun gaji, mutane kuma na son komawa gidajensu."

"Ai tsingaro ne," in ji ta. Sai ta ƙara da cewa, "Zauna ka ji tatsuniya. Rabonka da ita tun kana yawo ba wando."

Ya yi dariya ya zauna. Ta ce wai zabuwa ce ta yi ƙwai guda ɗaya a ƙarƙashin tarin ƙaya, a gonar wani mutum. A wancan zamanin kan zabuwa cike yake da gashi, har kitso ake mata. Da bazara ta yi, mai gona ya zo shara. Mutumin kirki ne, kafin ya sa wuta sai da ya tambayi kowa. Kurege ya kwashe gyaɗarsa, bushiya ta ja 'ya'yanta. Ya ce, "Zabuwa, ke fa?" Su kuwa zabi, a gidansu abin kunya ne uwa ta nuna inda ƙwanta yake. Sai ta yi ta zaga ƙayar tana cewa gona da faɗi, a fara daga can. Ya ce ai nan ne ya fi datti. Ya cinna wuta. Da wuta ta kama ta cusa kanta ciki, ba ta fito da komai ba sai ƙuna. Shi ya sa har yau kanta ƙwal yake, kuma take kwana tana kuka ba ta faɗin abin da aka yi mata.

Muka fashe da dariya saboda kitson zabuwa. Baba ya ce, "Ita ta jawo wa kanta, da ta yi magana mana." Ya yi mata sai da safe ya tashi. Ranar Kaka ba ta rufe tatsuniyar ba, gyaɗarmu ma ta bar ta ta ƙone.

Da safe aka kwashe tsingaron aka kai juji. Aka haƙa rami har ƙugu, aka zuba ruwa da ciyawa, samari suka shiga suna tattakawa suna waƙa. Kafin la'asar zaure ya sha yaɓe, sumul, kowa na sa albarka. Kaka tana ɗaki, ta ce kanta ke ciwo.

Sai washegari ƙanwarta, Goggo Dije, ta iso daga Gwiwa da ƙwaryar fura don 'yan aiki. Ta zaga bayan ɗaki, ta ga ramin, ta dire ƙwaryar.

"Sule! Wa ya tone nan? Yayanka ne a wurin!"

Ashe kafin Baba, Kaka ta haifi ɗa namiji. Ya yi 'yan makonni bayan suna ya koma, aka binne shi a bayan ɗakinta, yadda ake yi wa jarirai a da. Kakanmu ya daɗe da rasuwa, tsofaffin da suka sani sun ƙare. Baba ya tsaya yana kallon bangon zauren, laka ba ta ma gama bushewa ba. Ya je ƙofarta yana kuka, yana cewa, "Inna, don me ba ki faɗa ba?" Daga ciki ta ce, "Na faɗa, Sule."

Tun daga ranar ba ta sake yi mana tatsuniya ba. In za ta fita unguwa takan tsaya a zaure ta dafa bango, kamar mai hutawa, sannan ta wuce.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Mutumin da uwarsa ke kiran sunansa tun yana yaro, bai taɓa tambayar kansa dalili ba? Da na girma haushin ya koma kan waɗanda suka koya wa yarinya cewa ɗanta abin kunya ne, ta riƙe wannan tarbiyya har tana ji ana tattaka shi da waƙa. Har gobe in na ji ana yabon mace da kawaici sai raina ya ɓaci.

Da na haifi nawa na fari, sunansa nake kira da ƙarfi a tsakar gida, surukata ta yi harara har ta gaji. Na taɓa tambayar Goggo Dije sunan wancan yaron. Ta ce ita ƙarama ce a lokacin, ta manta. Mutum ɗaya ce ta san shi, ita kuma har muka kai ta makwancinta ba ta faɗa ba.