Takalman Baba Daga Danchadi Zuwa Shagari

A shekarar da autanmu ya dage sai ya shiga soja, rediyo ba ta da zance sai na wasu ƙasashen Turai da ke shirin dawo da aikin soja na dole ga matasa. A majalisar ƙofar gidanmu da ke Danchadi kowa ya zama janar. Wannan ya ce mu ma a yi haka ko a samu masu korar 'yan bindiga, wancan ya ce ai yaƙin yanzu na jirage marasa matuƙi ne, ba na yawan mutane ba. Baba ne kaɗai ya taɓa sa kaki a cikinsu, ya yi shekaru yana soja kafin ya dawo noman albasa, amma ba ya tanka musu. In an matsa masa sai ya ce da Sakkwatancinsa, "Soja ƙahwa na. Ku dai bari." Wato soja ƙafa ne.

Auta ya cike fom a waya, saura takardar amincewar iyaye, wadda sai Baba ya sa wa hannu. Ni a lokacin ina aure a Shagari, ina koyarwa a firamare, kuma ban ɓoye wa kowa ba cewa ba na so. Ni na goye yaron nan bayan rasuwar Inna. Yaron da ko kaza ake yankawa sai ya kau da kai, shi ne zai riƙe bindiga? Na kira Baba ya fi sau goma ina roƙonsa kada ya sa hannu. Kullum amsarsa ɗaya: "Na jiya," wato ya ji.

Wata Asabar bayan la'asar na ji sallama. Na leƙa, sai ga Auta da ƙullin irin albasa a ka, sanye da tsofaffin takalman soja na Baba, yana takawa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ashe Baba ne ya ciro su daga akwatin ƙarfe, ya ce ya sa su ya kawo mini irin, kuma da ƙafa. Tun bayan sallar asuba yake kan hanya. Da ya zare takalman, safa ta manne da fata, dugadugansa duk sun yi bororo sun fashe. Na tausaya masa, amma Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce a raina tsoho ya san kan abinsa, ya karya masa gwiwa ba tare da ya ce a'a ba.

Washegari na sa shi a mota muka koma Danchadi tare, don a yanke maganar a gabana. Muka tarar da Baba a tsakar gida. Auta ya durƙusa zai gaishe shi, sai Baba ya nuna masa kujerarsa.

"Zamna nan."

Auta ya dube ni, na dube shi. Ban da Baba, babu wanda ya taɓa zama a kujerar nan. Auta ya ɗosana a bakinta. Baba ya sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri da man kaɗanya, ya naɗe hannun riga, ya sauka ƙasa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya ɗora ƙafar ɗansa a cinya. Tunda nake ban taɓa ganin kan Baba ƙasa da na ɗansa ba.

"Sau nawa kat tsaya?"

"Sau guda, Baba. Na yi azahar can Lambara."

"Ka shanya ƙahwa kahin ka maida takalmi?"

"A'a. Sauri nikai."

"To nan ka ɓata." Yana wankewa a hankali yana magana. Ya ce ya ga mazaje da sabuwar bindiga an baro su a hanya don ƙafa ta ruɓe. Ya ce duk inda aka tsaya a tuɓe takalmi, a goge tsakanin yatsu, a sake safa ko da babu lokacin cin abinci. "Kuma in tana ciwo ka hwaɗi. Mai kunyar hwaɗi shi aka ɗaukowa bisa kahwaɗa."

Na kasa haƙuri. "Baba, ai kun gani da idonku. Ba ya iyawa."

Bai ɗago ba. "Ya iso ko bai iso ba?"

A nan na gane ba hana shi Baba yake yi ba. Abin da ya rage masa na aikin ne yake miƙa wa yaron, don ba shi da wani. Hawaye suka zubo mini, na haushi da na so duk a haɗe.

Da ya gama shafa man, ya goge hannu a gefen riga, ya ce a kawo takardar. Aka nemi biro a gidan aka rasa. Baba ya juyo ya dube ni, ya dubi jakata ta malaman makaranta. Ya san akwai. Bai roƙe ni ba, jira kawai ya yi. Na daɗe ina riƙe da bakin jakar kafin na buɗe na miƙa masa.

Tun daga ranar da Auta ya tafi, in ya kira waya Baba ba ya tambayarsa inda yake ko abin da ya gani. Tambayarsa ɗaya ce. Bara Baba ya rasu, saboda haka yanzu ni yake kira. Ina da tambayoyi cike da baki, amma duk sai na haɗiye su, na ce, "Auta, ƙahwa hwa?"